Jan van der Vaart da Almajiran da Ba Su Kwaikwaye Shi Ba

Duk wanda ya bi salsalar fitattun maginan tangaran na Holan a yau, da wuya bai tarar da sunan Jan van der Vaart ba. An haife shi a birnin Hague a 1931, ya rasu a 2000. Yawancin sana'arsa da hannunsa ya koya wa kansa, amma daga 1968 zuwa 1990 shi ne malamin ginin yumɓu a makarantar fasaha ta Gerrit Rietveld da ke Amsterdam. Shekaru ashirin da biyun nan su suka sauya fuskar wannan sana'a a ƙasar.

A zamanin da ya fara koyarwa, magina da dama a Turai suna ganin ba za a kira su masu fasaha ba sai sun bar tukunya sun koma gina siffofin kallo kawai. Van der Vaart bai bi wannan ayari ba. A wurinsa, mazubin fure dole ne ya riƙe ruwa, ya kuma tsayar da fure yadda ya kamata. Kyansa daga nan yake farawa. Ya waiwayi dogayen mazuban furen tulif masu hawa-hawa da aka yi a garin Delft a ƙarshen ƙarni na 17, ya sabunta su da siffofi masu kusurwa da da'ira, babu zane, babu ado, sau da yawa da ƙyalli mai launin tagulla. Ya kuma riƙa fitar da siffa ɗaya da yawa ta hanyar zubi, domin mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya saye.

Abin lura shi ne, a cikin almajiransa da suka shahara babu wanda aikinsa ya yi kama da nasa. Geert Lap, wanda ya rasu a 2017, ya yi suna da kwanuka da mazubai marasa kauri, kowanne da launi guda, kuma yakan fasa duk wanda ya ga aibu a jikinsa komai ƙanƙantarsa. Babs Haenen takan shimfiɗa yumɓu mai launi-launi, ta naɗe shi kamar yadi, har mazubin ya fito tamkar yana rausaya. Wouter Dam yakan gina zobba a kan faifan juyi, ya yanka su, ya sake harhaɗawa su zama siffar da ba ta riƙe komai. Barbara Nanning kuwa daga baya ta karkata ga gilashi.

To, ina gadon malamin yake? Yana cikin horon da ya ba idonsu da hannunsu: a fara da siffa, a daidaita tsawo da faɗi, a tsaftace baki da gindi, kada a ɓoye rauni a bayan ado. Hatta Dam, da ya bar mazubi gaba ɗaya, daga faifan maginin tukwane aikinsa yake tashi.

Da Van der Vaart ya tilasta musu salonsa, da salon ya tsufa tare da shi. Ma'auni ya ba su, kowa ya auna nasa aikin da shi, shi ya sa har yau ake gane hannunsa a ayyukan da bai taɓa ba.