Yaji, biko da dokar iyali a ƙasar Matamaye

A ƙasar Matamaye, kamar sauran ƙasar Damagaram, macen da mijinta ya ɗaga wa hannu ba gidan shari'a take fara tunawa ba. Hanyar gidan ubanta take kamawa. Wannan shi ne yaji, mafaka mafi tsufa da matar Bahaushe ta sani. Sai miji ya aiko biko, manya su zauna, a yi masa faɗa, a ba ta haƙuri, ta koma ɗakinta. Idan abin ya faskara, a je wurin maigari, daga nan fadar Sarkin Kance ko gaban malamai.

Faransawan da suka ci Zinder a 1899 ba su rushe wannan tsari ba. Dokar Mandel ta 1939 ta ƙayyade shekarun aure, 14 ga yarinya, 16 ga yaro, ta kuma sharɗanta yardarsu. Ta Jacquinot, a 1951, ta taɓa batun sadaki. Babu wadda ta ambaci duka a cikin gida. Bayan ƴancin kai, dokar tsarin shari'a ta 16 ga Maris 1962 ta umurci alƙalai su bi al'adar masu ƙara a aure, saki da gado, kuma dokokin 2004 da 2018 suka bi sawunta.

Nan ne gizo ke saƙa. Duka da jin rauni laifi ne a kundin hukunci, ko wa ya aikata shi. Amma sarakuna ikon sasantawa doka ta ba su, ita kuwa sasantawa burinta ɗinke aure, ba auna rauni ba. Macen da ta dage sai an rabu, sau da yawa akan ce ta mayar da sadaki. Abin mamaki, fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa ya ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa ba tare da ta biya ko dala ba. Hukuncin yana cikin littattafai. A zaure ne ba a cika jin sa ba.

Ƙungiyar Matan Nijar, wadda aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kountché, ta daɗe tana neman kundin dokar iyali. Daftarin ya faɗi a 1994 gaban adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, wani kuma ya sake faɗuwa a 2011. A tsakani, a 2006, majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo. Gado da saki da yawan mata ne suka cinye muhawarar, kuma a ganina ɓangarorin biyu duka sun manta da wadda ake bugu.

Sabon abu ta ƙofar lafiya ya shigo. Wajen 2008, da tallafin hukumar UNFPA, aka buɗe makarantun mazaje na farko a gundumomin Matamaye da Magarya, inda magidanta masu kyakkyawar shaida ke jan hankalin ƴan uwansu kan awon ciki da haihuwa a asibiti. Sun sa maza zancen da a da suke jin nauyinsa, amma ba don duka aka kafa su ba, kuma ba su da ikon hukunci. Macen da ta zaɓi ƙara sai ta nemi takardar likita, ta je wurin jandarma, sannan ta fuskanci iyayenta, waɗanda galibi sun riga sun karɓi goron biko.