Gadon wanda ya yi nisa: gonakin Kura da Bunkure daga zamanin fatake zuwa noman rani

Rabon gadon mutumin da ya tsufa ko ya rasu a wata ƙasa tsohon al'amari ne a yankin Kura da Bunkure, domin mutanen nan sun daɗe da sanin hanya. Tun ƙarni na 19 Kura ta yi suna wajen rini da bugu, kuma rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura yakan kai har Agadas da sauran ƙasar Abzin. Fatake ne ke kai shi, wasu su dawo, wasu su yi aure su zauna can. Ga kuma masu zuwa Hajji a ƙasa, waɗanda ke bi ta Borno da Wadai zuwa Sudan, suna tafe suna ƙwadago, tafiyar ta ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi a 1903 hijira zuwa gabas ta ƙaru, aka kafa garin Mai Wurno a Sudan, kuma da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 Hausawa da dama suka yada zango a can, ba su ƙara dawowa ba.

Alkalan ƙasar Kano suna hukunci ne da littattafan Malikiyya, musamman Risala da Muhtasar da Tuhufa. Tsarin bai canja ba har yau: a yi wa mamaci sutura, a biya masa bashi, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba, sannan a raba abin da ya saura. A da, idan mutuwar ta tabbata a wani zango, mai masauki ko madugu yakan tattara kayan mamaci a gaban shaidu, a aiko da su gida tare da wasiƙa. A wancan zamani, alkalin da ya yi rabon kuma akan fitar masa da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma.

Wahalar tana ga wanda ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Fiƙihun Malikiyya ya raba hukuncin matarsa da na dukiyarsa. Matar, idan ta kai ƙara, akan yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta fita. Dukiyar kuwa ba a taɓa ta sai an kai lokacin da ake ganin tsararrakinsa sun ƙare, wanda mafi shaharar magana ta ƙiyasta da shekara 70 daga haihuwarsa. Saboda haka gonar wanda ya ɓace a hanyar Makka takan zauna amana a hannun wa ko ƙane. A zamanin da ake noman gandu wannan bai cika tayar da ƙura ba: gonar amfanin damina ɗaya take bayarwa, gero da dawa ne, kuma 'ya'yan matafiyin daga rumbun gidan suke ci. Dagaci da mai unguwa sun san iyaka, ƙwaƙwalwarsu ita ce rajista.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma dokarsu ta 1910 ta ɗora ƙasar Arewa a hannun gwamna, abin da dokar 1962 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 suka ƙara jaddadawa. A takarda, abin da ake gada shi ne haƙƙin amfani da gona. A ƙauye kuwa ba wanda ya fasa cewa gonar ubansa ce.

Abin da ya canja lissafi na gaske shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, aka janyo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are da aka kafa a 1976. An karɓi gonaki, an baje su, an yanka magudanai da hanyoyi, sannan aka mayar wa manoma bayan an cire wani kaso. Tsofaffin alamomin iyaka, bishiya ko jigon gamba, da yawa sun tafi a ƙarƙashin katafila. Wanda yake nan ranar rabo ya tsaya a kan nasa. Wanda ke Jidda ko Sudan sai abin da ɗan'uwa ya shaida masa. Gonar da a da ake barin ta aro kyauta ta koma mai ba da alkama da tumatir da shinkafa rani da damina, ana haya da jingina a kanta da kuɗi masu kauri. Ba mamaki jikokin waɗanda aka manta da su suka riƙa tuno hanyar gida, kuma shekarun da riƙon amana ya ɗauka suka zama abin jayayya a gaban alkali.

Masu zama waje na yanzu iri dabam ne: ma'aikaci da ya yi ritaya a Landan ko Amurka, ɗan kasuwa a Yamai, dattijon da ya shekara arba'in a Saudiyya. Irin wannan mutum gado biyu gare shi. Ƙa'idar da kotunan ƙasashe da yawa ke bi ita ce gida da gona suna bin dokar ƙasar da suke cikinta. Gonar Bunkure kotun shari'a ce za ta raba ta bisa fara'ili, matar aure ta sami tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji ya sami rabon mata biyu. Gidan Ingila kuwa, idan ba wasiyya a rubuce da shaidu biyu, dokar can ce za ta raba shi, kuma ita mata ko miji take fifitawa, ga harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, in ban da rangwamen da aka tanada. A Najeriya ma batun ya taɓa rikicewa: a shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971 Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya.

Shi ya sa mai neman shawara a yau ba ya samun ta a bakin mutum ɗaya. Malamin fara'ili ya san rabo amma bai san harajin Turai ba, lauyan can kuma bai taɓa jin jingina ko hayar kadada ba. Masu lura sukan rubuta wasiyya biyu, kowace ƙasa da tata, a tsara su yadda ta baya ba za ta soke ta farko ba, su naɗa wakili a rubuce, su sa dagaci da maƙwabtan gona su shaida iyaka. Wasu kan zaɓi su yi kyautar gona tun suna raye, sai dai a Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Idan gonar ta ci gaba da zama a hannun mai ita ko wakilinsa har ya rasu, kyautar ta ɓaci, gonar ta koma cikin gado.