Bulinus globosus

Bulinus globosus wani ƙaramin dodon koɗi ne na ruwan daɗi da ke yaɗuwa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Masanin Faransa Arthur Morelet ne ya fara bayyana shi a 1866. Bawonsa marar kauri ne mai ruwan ƙasa, kuma murɗinsa na hagu ne: idan ka riƙe shi tsininsa na sama, bakin yana hagunka. Kowane ɗaya namiji ne kuma mace.

Yana son ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin kududdufai da fadamun da ke cika da damina a yankin Wurno, Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa. Idan ruwa ya ƙafe da rani, sai ya nutse cikin laka har damina ta dawo.

Illarsa ita ce tsargiya. Tsutsar Schistosoma haematobium, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, a cikin dodon koɗin take hayayyafa, sannan ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki. Yara masu iyo sun fi kamuwa, alamarta kuwa fitsarin jini. Ana maganinta da praziquantel.