Daga Ƙwaryar Nono Zuwa Bugun Lantarki: Tarihin Yaƙi da Lalacewar Madara

A wannan makon za mu fara ne daga Illela, garin kan iyaka da ke kallon Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Duk wanda ya san garin ya san matan Fulani da ke shigowa da hantsi, ƙwarya a ka, suna tallan nono da kindirmo da man shanu. Da wuya ka ga suna sayar da ɗanyar madara. Dalili kuwa shi ne, a zafin ƙasar Sakkwato madarar da aka tatso da asuba ba ta kai yamma lafiya. Tambayarmu ita ce: ta yaya ɗan Adam ya yi ta fama da wannan matsala, kuma ina muka tsaya a cikin labarin?

Kakanninmu ba su taɓa ganin ƙwayoyin cuta da ido ba, amma sun san dabarar da ke rage musu ƙarfi. Idan aka zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara aka rufe ta kwana, wasu ƙwayoyi masu amfani ne ke cinye sukarin da ke ciki su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya hana da yawa daga masu cutarwa yaɗuwa. A ƙetaren iyaka, a yankin Tawa, makiyaya sun ƙara wata dabarar: su daskarar da madara, su shimfiɗa ta siririya, rana ta busar da ita ta zama cuku mai daɗewa. Tsami da rana, su ne firjinmu na farko.

A Turai hanyar wuta aka bi. A shekarun 1860 masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa ɗumama ruwan inabi, ba tare da ya tafasa ba, yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata shi. A 1886 wani masani a Jamus, Franz von Soxhlet, ya ba da shawarar a riƙa ɗumama madarar jarirai. Daga nan aka samo ƙa'idar da masana'antu ke bi har yau: zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. Wannan ya rage tarin fuka da sauran cututtukan da ke bin madara daga saniya zuwa mutum. Sai dai zafi yakan taɓa ɗanɗano da launi, musamman a ruwan 'ya'yan itace.

Nan ne lantarki ya shigo. A shekarun 1920 an fara ratsa madara da wutar lantarki a Amurka, amma zafin da wutar ke haifarwa ne ke yin aikin, kuma daga baya aka watsar da tsarin. A 1960 wani injiniyan Jamus, Heinz Doevenspeck, ya yi rajistar wata dabara dabam: maimakon wuta mai ɗorewa, a riƙa sakin ta bugu-bugu, kowane bugu gajere ƙwarai. A 1967 masu bincike biyu na kamfanin Unilever a Ingila, Sale da Hamilton, suka nuna cewa bugun da kansa ke kashe ƙwayoyin, ba zafi ba.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar bakteriya tana da siririyar fata da ke riƙe abin cikinta. Idan ruwan ya bi ta tsakanin ƙarafa biyu masu ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 20,000 zuwa 40,000 a kowace santimita, fatar sai ta huhhuje, abin ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. Mu tuna wutar gidajenmu bolt 230 ce kawai. Kowane bugu bai wuce 'yan kaso cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya ba, shi ya sa abin shan ba ya dahuwa. A 2005 wani kamfani a jihar Oregon ta Amurka, Genesis Juice, ya fara sayar da ruwan 'ya'yan itace da aka tsaftace ta haka. Abin mamaki, yau inda injinan suka fi samun kasuwa shi ne masana'antun dankalin Turawa, inda ake tausasa shi kafin a yanka.

To, wannan zai yi wa mai nono a Illela amfani? Gaskiya ba yau ba. Injin na da tsada, yana buƙatar wuta tsayayya, kuma ba ya kashe ƙwayoyin da ke ƙudundunewa cikin ɓawo mai tauri, don haka dole a ajiye abin a sanyi bayan an gama. Inda wuta ke zuwa ta tafi, an koma gidan jiya. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa tsami ya wadatar. Ƙwayar tarin fukan shanu da ta cutar bakkale suna iya tsira a nonon da ba a dafa madararsa ba. Abin da ke hannunmu yanzu mai araha ne: a dafa madara tukuna, ta huce, sannan a zuba mata tsohon nono. Wato a haɗa dabarar Pasteur da ta kakanninmu a tukunya ɗaya.

Akwai darasi a nan gare mu masu koyon rubuta tarihi. Mun iya jero sunayen Turawa da shekarunsu domin an rubuta su. Matar da ta fara kwantar da kindirmo, da makiyayin da ya fara shanya cuku, ba wanda ya rubuta sunansu. Masu wannan ilimi kuwa suna nan da ransu a rugage tsakanin Illela da Ƙonni. Wanda yake kusa ya je ya zauna da su, ya tambayi yadda ake yi a damina da yadda ake yi a bazara, da abin da ya sauya tun zuwan madarar gari da robobi, ya rubuta da kwanan wata da sunan wuri. Allah ya ba mu ikon yi.