Guga, inji da ciyawa: abin da ya sami shanunmu a 1973

Dattawanmu sukan ce a da guga ne ke ƙayyade yawan garke. Rijiya mai zurfi, wadda ake jan ruwanta da sa ko raƙumi, dabbobi kaɗan take shayarwa a wuni, saboda haka ciyawar kewayenta takan kai makiyayi har faɗuwar damina.

Bayan samun mulkin kai a 1960, al'amarin ya sauya a Nijar. Damuna ta yi ta albarka, daga 1962 aka shiga babbar allurar rigakafin bushiya a ƙasashen Tafkin Chadi, gwamnati kuma ta haƙa rijiyoyi masu inji a arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden. Cutar da ke rage shanu ta ja baya, ƙishirwa ta yi sauƙi, garkuna suka yi ta haihuwa. Mun yi murna, kuma ba mu ga laifin wanda ya yi ba. Sai dai ruwa aka ƙara, ba a ƙara ciyawa ba. Rijiyar inji ba ta da mai ita, kowa na zuwa, har kofato ya mai da kewayenta fako.

Daga 1968 ruwan sama ya soma janyewa. A 1973 shanu suka riƙa faɗuwa da yunwa a bakin kwami cike da ruwa. Awaki da raƙuma, masu cin ganyen itace, sun fi jurewa. Makiyaya da yawa suka gangaro garuruwa hannu wofi, a Afrilun 1974 kuma sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani.