Tarihin Sarrafa Rumbunan Manhaja da Rubutaccen Umarni

Rumbun manhaja shi ne inda masu rubuta manhaja ke adana aikinsu tare da tarihin kowane gyara: wanda ya yi shi, da ranar, da dalilinsa. Wannan al'ada ta samo asali ne a cibiyar bincike ta Bell a Amurka, inda Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a 1972. Daga baya CVS da Subversion suka shigo, kuma a tsarinsu rumbu ɗaya ne tak a kan babbar kwamfuta, kowa can yake kai gyaransa.

A 2005, da aka janye izinin amfani da manhajar BitKeeper kyauta, wadda masu aikin Linux ke dogaro da ita, Linus Torvalds ya rubuta Git domin aikin Linux. Git ya ba kowane ma'aikaci cikakken rumbu a kwamfutarsa. Sai dai wasu manyan ayyuka sun fi ƙarfin rumbu guda, dole aka rarraba su, kuma ɓangare ɗaya in ya yi gaba ya bar saura, manhajar ba za ta haɗu ba.

Lokacin da Google ya saki rubutun Android ga jama'a a 2008, aikin ya ƙunshi rumbuna masu ɗimbin yawa, don haka ya fito da Repo, wanda aka rubuta da harshen kwamfuta na Python. Ginshiƙinsa fayil ɗaya ne na XML da ke jera sunan kowane rumbu, da mazauninsa, da matakin da za a ɗauko. Ma'aikaci zai buɗe baƙin allon ba kwamfuta umarni ya rubuta "repo init", sannan "repo sync", rumbunan su sauko kowanne a gurbinsa. Haka maigida ke sanin abin da ke rumbun gero da na dawa kafin a ɗebo.

Wajen ɗora manhaja a kan kwamfutocin da ke hidima ga jama'a kuwa, Capistrano da Ansible, wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012, sun bi hanyar SSH ta shiga kwamfuta daga nesa suna aika umarni ɗaya ga na'urori da yawa.

Amfanin wannan tsari shi ne rubutaccen umarni ana iya maimaita shi, a duba shi, a koma baya in an yi kuskure. Ya kuma dace da ɗalibin Gaya ko Ajingi da ke koyon kwamfuta a jami'ar Wudil, domin da Git ana adana gyara ko babu intanet, a tura idan sabis ya samu.