Injin sarbo: Yadda ake motsa allurar agogon jirgi a ɗakin koyon tuƙi na gida

Sarbo ƙaramin injin lantarki ne da ake umarta ya juya zuwa wata kusurwa, ya tsaya daram a kanta har sai wani umarnin ya zo. Wannan ɗabi'a ce ta sa masu sha'awar tuƙin jirgin sama ke amfani da shi wajen ƙera agogunan jirgi a gida, inda allura ta zahiri ke nuna abin da manhajar kwaikwayon tuƙi ke lissafawa a kwamfuta.

Asalin kwaikwayon tuƙi

A shekarar 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera na'urar koyon tuƙi da ke motsi da ƙarfin iska. Rundunar sojin Amurka ta sayi guda shida a 1934, bayan matuƙanta da dama sun halaka a aikin jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi. Darasin da aka ɗauka shi ne, idan ido bai ga ƙasa ba, agogo ne abin dogaro. Matuƙan Najeriya sun san haka a lokacin hunturu, sa'ad da hazo kan rufe filayen jirage kamar na Kano.

A ƙasar nan, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana da na'urar kwaikwayon jirgin Boeing 737. Irin wannan na'ura ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Sai dai manhajoji kamar Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, da X-Plane sun kawo ƙaramin samfurinta cikin gida. Mai zaune a ɗakinsa a Jabi na iya tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya sauka a na Malam Aminu Kano ba tare da ya bar kujerarsa ba.

Yadda sarbo ke aiki

Abubuwa huɗu ne a cikinsa: injin da ke juyawa, haƙoran giya da ke rage gudu su ƙara ƙarfi, ma'aunin kusurwa mai kama da maɓallin ƙara sautin rediyo, da ɗan allon lantarki. Allon na kwatanta inda sandar injin take da inda aka ce ta je, ya ci gaba da juya ta har su dace.

Samfurin da aka fi samu shi ne SG90, mai nauyin giram 9, wanda ke aiki da bolt 5. Wayoyinsa uku ne: ja ta wuta, ruwan ƙasa ta dawowar wuta, ruwan lemo ta umarni. Umarnin kuwa bugun lantarki ne da ake aikawa sau 50 a sakan ɗaya, kuma tsawon bugun ne ke faɗin kusurwa. Bugu mai tsawon milisakan 1.5, wato kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan, yana tsayar da sandar a tsakiya. Wanda ya gaza haka yana kai ta gefe ɗaya, wanda ya fi haka ya kai ta ɗaya gefen.

Daga manhaja zuwa allura

Saƙon yana bin matakai uku. Manhajar tuƙi tana riƙe da lambobi kamar yawan mai da zafin inji. Wata manhajar ta tsakiya, misali MobiFlight da ake samu kyauta, tana karanto lambar ta aika ta wayar USB zuwa allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a Italiya a 2005. Arduino ne ke mayar da lambar bugun da sarbo ke ganewa.

Babban aikin shi ne daidaita ma'auni. Idan tankin mai yana tsakanin kashi 0 da kashi 100, sarbo kuma yana juya digiri 180, to rabin tanki zai kai allura digiri 90. Haka ma leɓen fiffike, wato faifan bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka: a jirgin Cessna 172 na zamani matakansa digiri 0, 10, 20 da 30 ne, sai a ware wa kowane mataki kusurwarsa a fuskar agogo. Wasu agogunan, kamar na gudun jirgi, ba daidai tazarar lambobinsu take ba, don haka ana gwada wurare da dama a rubuta kusurwar kowanne.

Iyakarsa

Sarbo na yau da kullum ba ya wuce rabin da'ira. Ya dace da agogon mai, na zafi da na leɓen fiffike, amma bai dace da ma'aunin tsayi ko kamfas ba, domin allurarsu tana zagayawa babu iyaka. A nan ana amfani da injin sitefa mai tafiya taki-taki, kamar 28BYJ-48. Idan ana son allura ta kai digiri 270 da sarbo, sai a ƙara giya biyu, babba ta juya ƙarama.

Wuta ma abin lura ce. Tashar USB 2.0 ba ta ba da fiye da rabin amfiya, kuma sarbo ɗaya da ya cije na iya neman abin da ya zarce haka. Alamar ƙarancin wuta ita ce allura ta riƙa karkarwa ko Arduino ya riƙa mutuwa yana tashi. Maganinsa a ba injinan wutarsu dabam ta bolt 5, a haɗa wayar dawowar wutarsu da ta Arduino. Tura allura fiye da iyakarta kuma yana cinye haƙoran roba na giyar.

Awannin da aka yi a irin wannan ɗaki ba sa shiga lissafin lasisin tuƙi, domin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya na'urorin da ta tantance kaɗai take amincewa da su. Amfaninsa shi ne sabawa da karanta agogo, da koyon haɗa lantarki da manhaja a aikace.